Dutsen Dala da Tarihin Wuraren Bauta da Ziyara a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Kowane tsohon birni yana da dalilin da ya fara tara jama'a a inda yake. Wani ruwa ne ya kafa shi, wani kasuwa, wani kuwa neman mafaka daga mahara. Akwai kuma biranen da bauta ce ta fara jawo mutane gare su, daga baya sarauta da fatauci suka biyo. A wannan darasi za a dubi Kano ta wannan fuska, wato yadda gindin Dutsen Dala ya kasance matattarar masu bauta tun kafin a gina ganuwa, da yadda al'amarin ya sauya bayan zuwan Musulunci. Za a kwatanta Kano da birnin Baranasi na ƙasar Indiya, sannan a waiwayi duwatsun Birnin Kudu.

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bambance ma'anar tsafi da matsafa da ziyara da hubbare;
(b) bayyana matsayin Dutsen Dala a addinin Hausawa na gargajiya;
(c) kawo matakan da aka bi har bautar Tsumburbura ta gushe;
(d) tsara yadda zai koyar da wannan batu a aji.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tsafi shi ne neman biyan buƙata daga iskoki ta hanyar yanka da zubar da jini da kiyaye wasu sharuɗɗa. Wurin da ake yin haka shi ne matsafa, mai jagorancin aikin kuwa matsafi. Matsafa kan kasance dutse ko kurmi ko rijiya ko wata babbar itaciya kamar tsamiya da kuka. Wanda zuriya ɗaya ta gada daga kakanninta ana ce da shi kan-gida, wanda kuwa gari ya yi tarayya a kansa shi ne tsafin gari.

Kalmar ziyara Hausa ta aro ta ne daga Larabci. Ban da ma'anarta ta yau da kullum, wato kai wa ɗan'uwa gaisuwa, tana nufin zuwa kabarin wani bawan Allah domin yi masa addu'a da tuna lahira. Hubbare kuwa gini ne da aka yi a kan kabarin babban malami ko shugaba. Asalin kalmar ƙubba ce ta Larabci, ta biyo ta Fulatanci kafin ta shigo Hausa. Abin lura a nan shi ne kalmomin rukunin farko na Hausa ne, na biyu kuwa aro ne. Harshe da kansa ya adana shaidar zamani biyu da Bahaushe ya ratsa.

3.0 Misali Daga Indiya: Birnin Baranasi

Baranasi, wanda ake kira Banaras ko Kashi, yana gaɓar Kogin Ganga a jihar Uttar Paradesh ta arewacin Indiya. Haƙe-haƙen da masana kayan tarihi suka yi sun nuna akwai mazauna a wurin tun kimanin shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yana cikin birane bakwai da mabiya addinin Hindu suke tsarkakewa, suna danganta shi da abin bautarsu Shiba.

Abubuwa uku ne suke kai mutane can. Na farko wanka a kogin, wanda suka yi imani yana kankare zunubi, shi ya sa aka gina matakalai sama da 80 a bakin ruwan. Na biyu kai gaisuwa ɗakin bautar Kashi Bishwanat. Na uku kuwa mutuwa, domin a aƙidarsu rai yakan yi ta komowa duniya a cikin sabon jiki, amma wanda ya mutu a Kashi ya kuɓuta daga wannan kai-komo. Saboda haka tsofaffi da marasa lafiya sukan tare a birnin suna jiran ajali, ana kuma ƙona gawawwaki dare da rana a matakalar Manikarnika.

Birnin ya sha sauyin mulki. A 1669 Sarki Aurangzeb na daular Mugal ya sa aka rushe ɗakin bautar Bishwanat, aka gina masallaci a wurin. A 1780 Sarauniya Ahilyabai Holkar ta gina sabon ɗakin bauta a gefensa, shi ne wanda ake ziyarta har yau. Ke nan masu mulki sun sauya, gine-gine sun sauya, amma abin da yake kai mutane birnin bai sauya ba. Wannan shi ne ma'aunin da za a ɗora Kano a kansa.

4.0 Dutsen Dala Kafin Musulunci

4.1 Madogarar Bayani

Akwai madogara iri biyu game da Dala. Ta farko binciken kimiyya ne: ragowar matoyar tama da aka gano a jikin dutsen ta nuna ana narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya. Ta biyu littafin Tarihin Kano ne, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. Wani jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908.

Wajibi ne ɗalibi ya lura cewa marubucin littafin Musulmi ne, ya kuma rayu ɗaruruwan shekaru bayan abubuwan da yake ba da labari. Alal misali, ya kira ranakun bikin Tsumburbura Idi, ya kira daren da ake taruwa jajibere, alhali kuwa lokacin babu sallar Idi a Kano. Ya yi amfani ne da kalmomin da mutanen zamaninsa suka sani. Don haka ana karɓar labarin a matsayin tarihin baka da aka rubuta daga baya, ana auna shi da sauran shaidu.

4.2 Barbushe da Tsumburbura

Bisa ga wannan littafi, wani mafarauci mai suna Dala ne ya fara gina gida a kan dutsen, sunansa kuma ya bi dutsen. Daga zuriyarsa aka sami Barbushe, ƙaƙƙarfan mutum da aka ce yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Shi ne babban matsafin Tsumburbura, wadda mazauninta wata itaciya ce mai suna Shamus. An kewaye itaciyar da katanga, ba mai shiga sai Barbushe.

Barbushe ba ya saukowa daga dutse sai ranakun biki. Idan lokacin ya gabato, jama'a maza da mata sukan taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Da almuru sai a hallara a gindin Dala. In duhu ya yi sai Barbushe ya fito da makaɗansa, ya ja jama'a zuwa matsafar, kowa ya yanka abin da ya kawo. Shi kaɗai zai shiga, in ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara mai zuwa, alheri ne ko sharri. A irin wannan dare ne aka ce ya yi musu albishir da zuwan wani baƙo da zai mallake su. Akwai kuma kurmin Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa, inda ake kai yanka idan wata masifa ta taso.

Littafin ya ambaci manyan mabiyan Barbushe tare da sana'o'insu: Gijigiji maƙeri ne, Bugazau mai dafa giya, Hamburki mai magani, Asanni shugaban mawaƙa da masu rawa, Maguji kuwa mai haƙar tama da narkar da ita. Wannan jeri yana nuna cewa taron bauta ya haɗa masu sana'o'i daban-daban a ƙarƙashin jagora ɗaya tun kafin a sami sarki. Inda jama'a suke taruwa a kan lokaci sananne kuwa, ciniki ba ya rasa biyo baya. Ta haka matsafa ta zama tushen gari.

Sunan Maguji ya jawo muhawara a kan asalin kalmar Maguzawa. Littafin ya ce shi ne kakansu. A bakin jama'a kuwa akwai labarin wani Bama da ya musulunta sannan ya guje wa zakka, aka ce Bama ya guje. Masana harshe da dama sun fi karkata ga cewa daga kalmar Larabci majus aka samo ta, wadda malaman fiƙihu suka yi amfani da ita ga waɗanda ba Musulmi ba amma aka yarda su zauna ƙarƙashin daular Musulunci suna biyan jiziya.

4.3 Takaddama Tsakanin Fada da Matsafa

Baƙon da aka yi hasashensa shi ne Bagauda, wanda aka ƙiyasta ya fara mulki a 999. Zuwansa bai kawar da bautar Tsumburbura ba. Sarauta tana hannun baƙi, asirin ƙasa yana hannun mutanen Dala, aka daɗe ana zaman doya da manja. Ana iya kasa abin da ya biyo baya zuwa mataki biyar:

(i) Gijimasu (1095–1134) ya fara gina ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Dutsen da matsafar suka koma cikin birnin sarki.

(ii) Shekarau (1290–1307) ya yi sulhu da matsafa, suka kawo masa kyautai, ya bar su da al'adarsu.

(iii) Tsamiya (1307–1343) ya ƙi sulhu, ya auka wa matsafar da yaƙi, ya rushe katangar. Duk da haka ya nemi manyansu su sanar da shi asirin tsafin. Manufarsa ke nan ta mallake ikon da ke wurin.

(iv) A zamanin Yaji (1349–1385) Wangarawa suka iso daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, sarki ya karɓi salla, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar. Wani littafin, Asalin Wangarawa, ya kai zuwan nasu zamanin Rumfa, ya kuma nuna a kan hanyarsu ta aikin hajji suka yada zango a Kano.

(v) A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda Shehu Magili ya ziyarci Kano a cikinsa, aka sare itaciyar, aka gina hasumiya a gurbinta. Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi a gefen Jakara, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa.

Sauyin bai tafi a miƙe ba. Kanajeji (1390–1410), ɗan Yaji, ya koma ga yanke-yanken kakanni lokacin da yaƙin Zazzau ya gagare shi. Bayan Rumfa ma sarakuna sun riƙi Dirki, wani ƙunshi da aka naɗe da fatu ana yanka masa shanu. Sarki Alwali (1781–1807) ne ya sa aka fasa shi da gatari, sai aka tarar da Alƙur'ani a ciki. Wannan gauraya ta Musulunci da al'adun da yana cikin abubuwan da masu jihadi suka yi inkari a kai. Idan aka lissafa daga Yaji zuwa Alwali, za a ga an shafe fiye da shekara 400 ana wannan ja-in-ja.

5.0 Ziyara Bayan Kafuwar Musulunci

Da Musulunci ya kafu, sai alƙiblar tafiyar ibada ta koma Makka. Kano ta zama babban zango ga maniyyata daga yammacin Afirka, waɗanda suke bi ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, tafiyar da takan ci shekaru. A cikin gida kuwa ziyara ta koma ga kaburburan malamai da waliyyai. Mafi shahara shi ne Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ya rasu a 1817, sai kabarin ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, wanda ya rasu a 1837. A Kano akwai Maukibin Ƙadiriyya da Shehu Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950, inda ake fita cikin jerin gwano kowace shekara zuwa maƙabartar waliyyai. Malamai sun yi saɓani a kan wasu abubuwan da ake yi wajen ziyara, musamman neman tubarraki, kowane ɓangare da hujjojinsa.

Shi kansa Dutsen Dala bai rabu da taro ba. Ranar Takutaha, mako ɗaya bayan Mauludi, dubban mutane, galibi mata da yara da matasa, sukan hau dutsen cikin ado. Masu hawan suna yi ne domin murnar zagayowar ranar sunan Manzon Allah (SAW). Wasu manazarta suna ganin zaɓen dutsen yana da alaƙa da tsohon taron shekara-shekara, wasu kuwa suna ganin tsayinsa ne kawai ya sa ya dace da shagali. Ko wanne aka ɗauka, wurin taro bai sauya ba, niyyar masu taruwa ce ta sauya.

6.0 Duwatsun Birnin Kudu

Ba Kano kaɗai ce take da irin wannan tarihi ba. Zazzau tana da Kufena, Zamfara tana da Kwatarkwashi, Daura tana da rijiyar Kusugu. A kudancin Jihar Jigawa kuwa akwai duwatsun Birnin Kudu, garin da yake ƙarƙashin masarautar Kano kafin a ƙirƙiri jihar a 1991. A kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse, yawancinsu da jan launi. Galibin zanen na shanu ne marasa tozo, wasu masu dogayen ƙahoni wasu gajeru, irin da ba a kiwonsu a yankin yanzu. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan daɗewarsu.

Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sukan yi ƙara kamar ƙuge. Wuraren bugun har sun lotsa saboda yawan amfani. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi da ya yi aiki a Jos, ya lura da su a 1955, ya buga bayaninsu a 1956. Ya kuma ruwaito cewa a lokacin amare sukan je Dutsen Murufu tare da ƙawayensu a ranar biki. A yau waɗannan wurare suna cikin kayan tarihi na ƙasa da hukumar kula da gidajen tarihi take karewa.

Bambancin Birnin Kudu da Dala shi ne, Dala tana da rubutaccen labari amma matsafar ta ɓace, Birnin Kudu kuwa abin yana nan ana gani da ido amma ba a rubuta labarin masu zanen ba. Don haka bai halatta malami ya ƙaga wa duwatsun labari ba. Abin da zai ce wa ɗalibai shi ne abin da ido ya gani da abin da dattawa suka ruwaito, ya kuma bambance musu tsakanin biyun.

7.0 Kwatanci Tsakanin Baranasi da Kano

Biranen biyu sun yi tarayya a abubuwa uku. Kowanne ya tashi a jikin wata halitta da mutane suka girmama, can kogi nan dutse da kurmi. Kowanne yana da masu jagorancin bauta da lokutan taro sanannu. A kowanne kuma taron ibada ya haifar da sana'a da kasuwa: Baranasi ta yi suna da saƙar alharini, Kano da saƙa da rini da jima.

Inda suka rabu shi ne, mutanen Baranasi sun ci gaba da addinin da ya kafa birnin, saboda haka ziyararsa ta ɗore. Kanawa kuwa sun karɓi wani addini, suka bar bautar da ta fara tara su, birnin ya ci gaba da bunƙasa a kan sarauta da fatauci da ilimin Musulunci. Abin da ya rage na zamanin farko sai sunaye, irin su Dala da Jakara da Kurmi, da kuma labarin da ake bai wa yara.

8.0 Koyar da Wannan Batu a Aji

Batun addinin gargajiya yana buƙatar taka-tsantsan. Wasu malamai sukan tsallake shi don gudun a ce suna koyar da tsafi, wasu kuwa sukan mayar da shi abin dariya. Duka biyun suna tauye ɗalibi, domin ba zai fahimci kirari da karin magana da waƙoƙin baka masu ambaton iskoki da duwatsu ba in bai san tushensu ba. Ga wasu shawarwari:

(a) Malami ya bayyana tun farko cewa ba da labarin abin da mutanen da suka yi imani da shi daban, yarda da shi daban. Ya riƙa cewa "an ce" ko "sun yi imani", kamar yadda marubucin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe alhali shi Musulmi ne.

(b) Ya kiyaye harshensa. A ajin Gwaram ko Birnin Kudu ana iya samun yaron da danginsa Maguzawa ne ko Kirista. Kalmar da za ta sa a yi masa dariya a filin wasa ba ta da wuri a bakin malami.

(c) Ya fara da abin da yake kusa. Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji Zandam, alal misali, yana iya sa yara su tambayi kakanninsu sunayen duwatsu da fadamu da tsofaffin itatuwan garin da dalilin sunayen, da wuraren da ake hana yara zuwa a da. A rubuta amsoshin kamar yadda aka faɗa, da karin harshen mai faɗa.

(d) In hali ya yi, a nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye a kai yara Birnin Kudu su ga zanen, a gargaɗe su kada su taɓa ko su yi rubutu a jikin dutsen.

Wannan aiki na gaggawa ne. Gidaje sun matse Dutsen Dala, yawancin ganuwar Kano ta zube, Jakara ta koma magudanar ruwan birni. Dattawan da suka san labaran ƙauyuka kuma kullum raguwa suke yi, abin da ba a rubuta daga bakinsu ba kuwa ya tafi ke nan.

9.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga yadda bautar Tsumburbura ta tara jama'a a gindin Dala kafin a kafa sarautar Kano, da yadda sarakuna suka yi ta fama da matsafar daga sulhu zuwa yaƙi har aka sare itaciyar a zamanin Rumfa. An ga yadda ziyara ta koma Makka da hubbarorin malamai, aka kwatanta wannan da Baranasi inda tsohuwar bauta ta ɗore. Daga ƙarshe an nuna cewa duwatsun Birnin Kudu shaida ce ta kusa da malami zai iya amfani da ita, muddin ya tsaya a kan abin da ya tabbata.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin matsafa da hubbare ta fuskar ma'ana da asalin kalma.
2. Me ya sa ake taka-tsantsan da kalmomin Idi da jajibere a labarin Barbushe?
3. Kawo matakai biyar da aka bi har bautar Tsumburbura ta gushe, tare da sunayen sarakunan da abin ya shafa.
4. Tattauna ra'ayoyi uku game da asalin kalmar Maguzawa. Wanne ya fi ƙarfi a ganinka, kuma don me?
5. Ta wace fuska Kano ta yi kama da Baranasi, ta wace fuska kuma suka bambanta?

Jinga

Zaɓi wani dutse ko rijiya ko kurmi a garinku wanda ake ba da labari a kansa. Yi hira da dattawa biyu, namiji da mace, ka rubuta abin da kowannensu ya faɗa a shafi biyu, sannan ka nuna inda suka dace da inda suka saɓa.